Yanda shugabannin coci za su zaɓi abin da za su sa a gaba, su kuma fara yinsa da kansu

Na daɗe ina son rubuta wannan saboda abu ne da na ga yana cin ikilisiyoyi a hankali ba a ankara ba. Kowa na aiki fa, fasto ba ya zama, dattawa kullum mitin, mawaƙa kullum koyon waƙa, mata na da nasu taron matasa na da nasu, amma in ka tare mutum uku a ƙofar coci bayan sujada ka tambaye su wai shin me muka sa a gaba a bana, amsa uku daban za ka ji, wani ma shiru zai yi ya kalle ka. Na yi shekaru a majalisar dattawa, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan a jikina na koye shi.

Akwai shekarar da muka duƙufa shirin bikin tunawa da kafa ikilisiyarmu, wata biyu cur ba mu da zance sai kujeru da fosta da wa zai yi jawabi. Da aka gama sai na lura wata gwauruwa da ke zama a benci na biyu ta hagu ba na ganinta. Na je gidanta na same ta kwance, ashe sati biyar kenan, ga kwalaben magani jere a gefen gado, Littafi Mai Tsarkinta a ƙarƙashin filo. Na ce, "Sannu Mama, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi ɗana, na ji an ce biki ya yi kyau." Ba ta ƙara komai ba, kuma gara ma a ce ta yi mini faɗa. A wannan shekarar abin da muka rubuta da manyan baƙaƙe muka manna a gaban coci shi ne kula da juna, amma ko mutum ɗaya cikinmu bai taka ƙofarta ba. Tun ranar na daina yarda da abin da aka rubuta a allo sai na ga inda lokaci da kuɗi da ƙafar shugaba suka nufa.

To ga yanda nake ganin za a bi, ɗaya bayan ɗaya.

Ku fara da duba abin da kuke yi a zahiri

Kafin kowa ya kawo wani sabon tsari, ku ɗauko abu uku ku ajiye a kan tebur: kalandar ayyukan bara, littafin ma'aji, da kuma yanda fasto ke kashe satinsa. Na ukun nan ba a rubuce yake ba, don haka fasto da kowane dattijo su ɗauki sati biyu suna rubutawa a ƙaramin littafi ko a waya, ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza na yi kaza, har da lokacin da aka ɓata a waya da lokacin jiran mutane su zo mitin. Kar a gyara satin don ya yi kyau a takarda, a bar shi yanda yake.

Sai ku jera duk wani abu da cocin ke yi, komai ƙanƙantarsa, a gaban kowanne ku rubuta awa nawa yake ci, kuɗi nawa, mutum nawa ke wahala a kansa. Yesu ya faɗa a Matiyu 6:21 cewa inda dukiyarka take can zuciyarka take, kuma wannan maganar ta shafi asusun ikilisiya kamar yanda ta shafi aljihun mutum. In kun ce bishara ce kan gaba amma littafin ma'aji ya nuna kusan komai gini da kayan sauti ke tafiya, to ku faɗa wa kanku gaskiya gini da kayan sauti ne kan gaba. Zaman nan ba na neman mai laifi ba ne, kuma fasto ya fara karanta nasa satin a gaban kowa kafin ya nemi na wani.

Addu'a da Magana kafin zaɓi

Ba ina nufin addu'ar minti biyu ta buɗe mitin ba. A Ayyukan Manzanni 13 shugabannin ikilisiyar Antakiya suna cikin sujada da azumi ne aka ce su keɓe Barnaba da Shawulu, wato biyu daga cikin manyan malamansu, su sake su su tafi. Da lissafin mutum ne ba wanda zai kawo wannan shawarar. Ku ware yini guda, ku kashe wayoyi, ku karanta Matiyu 28:19-20 da Ayyukan Manzanni 2:42 tare ku yi shiru a kai.

A nan sai ku raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai abubuwan da ba sa canzawa kowace shekara, koyar da Magana, addu'a, zumunci, almajirantarwa, kula da marasa ƙarfi, waɗannan ba a kaɗa musu ƙuri'a. Akwai kuma abin da ikilisiyarku ke buƙata a wannan lokacin, wata cocin yara sun cika ta ba malamai, wata sababbin tuba na shigowa suna fita ba wanda ya riƙe su, wata rigima ce ta raba gidaje. Na biyun nan ne za ku zaɓa.

Ku saurari waɗanda ba sa magana a mitin

Nan zan ɗan tsaya, domin Ayyukan Manzanni 6:1-7 ya ƙunshi kusan duk abin da nake son faɗa. Ikilisiyar Urushalima na ƙaruwa, sai Yahudawa masu jin Helenanci suka fara gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Ka lura manzanni ba su ce masu gunaguni 'yan tawaye ba ne, ba su kuma ce abinci abin duniya ne mu na ruhaniya muke yi ba. Sun yarda akwai matsala. Amma kuma ba su ajiye wa'azi suka ɗauki kwano da kansu ba, sai suka tara jama'a suka faɗa musu a fili cewa su addu'a da hidimar Magana za su riƙe, ku zaɓo mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, mu danƙa musu wannan aikin. Jama'a ne suka zaɓa, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, Istifanas da Filibus da sauransu, har ɗayansu Nikolas mutumin Antakiya ne da ba a haife shi Bayahude ba, shiga addinin Yahudanci ya yi. Ana iya fahimtar cewa ɓangaren da aka tauye ne aka ba riƙon aikin. Aya ta 7 kuma ta ce Maganar Allah ta yi ta yaɗuwa.

To ku ma ku fita ku ji. Kowane dattijo ya ɗauki gida biyar ko shida ya je da ƙafarsa, kar a aika saƙo a guruf ɗin WhatsApp a ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, waɗanda suka saba magana ne za su sake magana. Ku je wajen gwauraye, matasan da ke zama a bencin baya, malaman makarantar Lahadi, wanda ke share coci, da waɗanda suka daina zuwa, su ma fa ku je, sau da yawa su ne za su faɗa muku abin da kowa ke ɓoyewa. Tambaya biyu sun isa: me ya fi taimakon bangaskiyarka a cocin nan, kuma a ina muka bar ka kai kaɗai? Ku rubuta amsa, kar ku kare kanku, ko da an faɗi abin da ba daidai ba ne ku yi godiya ku tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku zaɓi biyu ko uku, ku kuma ajiye wasu

In kun fito da abu goma kun ce duk su ne kan gaba, ba ku zaɓi komai ba. Biyu, in ya yi yawa uku. Kowanne a rubuta shi yanda bayan shekara za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. "Ƙarfafa zumunci" ba ya kamuwa a hannu. Amma in kun ce duk wanda ya yi Lahadi biyu a jere bai zo ba za a ziyarce shi cikin satin, ko duk sabon tuba za a haɗa shi da wani da ya daɗe a bangaskiya su riƙa haɗuwa sau ɗaya a sati har wata shida, to wannan ko yaro zai iya duba ko an yi.

Wahalar tana wajen ajiyewa. Mutanen dai su ne, lokacin shi ne, kuɗin shi ne, in ba a sauke wani kaya ba sabon ba zai hau ba. Ku koma jerin da kuka yi a farko ku raba shi uku, wanda za a ƙara wa ƙarfi, wanda za a bari yanda yake, da wanda za a dakatar ko a haɗe da wani. Kuma abin da za a dakatar yawanci ba mummuna ba ne, shi ya sa yake da ciwo. A Markus 1 gari guda ya taru a ƙofar gida a Kafarnahum Yesu na warkar da su, da asuba ya fita wajen gari yin addu'a, su Saminu suka bi shi suka ce kowa na nemanka, ya ce mu tafi garuruwan da ke kusa in yi wa'azi a can ma, don abin da ya fito da ni kenan. Mutanen da ya bari masu buƙata ne na gaske, amma ya tafi.

Dan Allah kar wanda ke riƙe da wani shiri ya fara jin an dakatar da shi a sanarwar Lahadi. Fasto da dattijo ɗaya su je gidansa tukuna, su zauna, su gode masa da sunan abin da ya yi, su faɗa masa dalili, su nuna masa inda ake buƙatarsa a sabon tsarin. Na taɓa ganin dattijon da ya riƙe wani taro shekara da shekaru, a ƙarshe mutum huɗu ke zuwa, ranar da aka je masa da maganar ya daɗe yana jujjuya makullin ɗakin taron a hannunsa kafin ya miƙa. Daga baya shi ya zama jagoran masu ziyarar marasa lafiya, kuma ba wanda ya kai shi riƙon aikin. Da a bagade ya ji labarin da mun rasa shi.

Bayan an zaɓa za a yi ta kawo muku sababbin shawarwari masu kyau a tsakiyar shekara, baƙo zai zo da nasa, mai kuɗi zai ce zai ɗauki nauyin kaza in an yi. Ku tanadi littafi ku rubuta su a duba a ƙarshen shekara. Nehemiya sau huɗu su Sanballat da Geshem suna aika masa ya sauko su gana, amsarsa ɗaya, ina kan babban aiki ba zan sauko ba, kuma garun Urushalima da yake ginawa ya kammalu cikin kwana 52. Nasa masu kiran maƙiya ne, naku yawanci masoya ne, shi ya sa naku ya fi wuyar ƙi.

Kuɗi da kalanda su bi zaɓin

Wannan gajere ne amma in aka tsallake shi shikenan an koma gidan jiya. A kasafin kuɗin sabuwar shekara a fara cike layin abubuwan da kuka zaɓa kafin sauran, haka ma kalanda, ranakunsu su fara shiga. In almajirantarwa ce a gaba kar a tura ta daren da kowa ya gaji. A kuma riƙa karanta wa jama'a rahoton kuɗi a fili, mutum biyu su ƙirga baiko, mutum biyu su sa hannu. Bulus da kansa a 2 Korantiyawa 8 bai yarda ya riƙe gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya sa Titus da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa a ciki don kar a samu abin zargi.

Ku miƙa aiki tare da iko

A Fitowa 18 Yetro ya ga surukinsa Musa zaune tun safe har yamma yana shari'a mutane na tsaye kewaye da shi, ya ce masa abin nan ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka ka gajiyar da jama'a. Ya ba shi shawara ya naɗa shugabannin dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma, manyan matsaloli kawai su iso gare shi. Ka ga ba Musa kaɗai ke shan wahala ba, masu tsayuwa a layi ma suna sha. Duk faston da ya ce komai sai ya bi ta hannunsa akwai wata Mama da ke kwance tana jiransa bai sani ba.

Kowane abu da kuka zaɓa ya zama yana da mutum ɗaya da sunansa ke kai, ba kwamiti kawai ba. A faɗa masa me ake so, nawa zai iya kashewa ba tare da ya nemi izini ba, da ranar da zai kawo rahoto. A fara tare, ya gani kana yi, sannan ya yi kana kallo, sannan ka bar shi. Zai yi kuskure, in ya yi a gyara masa a keɓe, kar a ƙwace aikin a gaban mutane. Afisawa 4:11-12 ta ce an ba da makiyaya da masu koyarwa ne don su shirya tsarkaka su yi aikin hidima, 2 Timoti 2:2 kuma ta ce a danƙa wa amintattu waɗanda su ma za su koya wa wasu.

Kai shugaba, ka fara

Duk abin da na faɗa a sama zai iya zama takarda in ba wannan. Inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya ke sha. Jama'a na jin wa'azinka, amma sun fi karanta ƙafarka, sun san taron da ba ka taɓa fashi da wanda kake aika wakili, sun san gidan da kake saurin zuwa in an yi rashin lafiya da wanda sai an tuna maka sau uku. Bitrus ya ce wa dattawa a 1 Bitrus 5:3 kar su nuna wa garken iko, su zama abin koyi. Shi ɗin ma ya san zafin abin, domin a Galatiyawa 2 yana cin abinci tare da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, a Antakiya, da wasu suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye jikinsa. Bai yi wa'azi ya ce a ware ba, wurin zama kawai ya canza, amma sauran Yahudawan suka bi shi har da Barnaba, sai da Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. Haka ƙafar shugaba take da nauyi.

To a aikace ga abin da nake nufi. In kun ce addu'a ce a gaba, fasto da dattawa su riga kowa zuwa taron addu'a, su zauna cikin jama'a ko ba su ke jagoranta ba, kuma a bar wayar a aljihu. In ziyara ce, fasto ya ware rana guda a sati da kowa ya san yana gidajen mutane, ya tafi da matashi ɗaya ko biyu su gani, ya kuma fara da gidan da ba a tsammanin samun komai. In almajirantarwa ce, kowane dattijo ya zama yana da mutum biyu ko uku da yake zama da su, in an tambaye shi ya iya faɗin sunayensu da inda suka tsaya a karatu. In bayarwa ce, ku fara bayarwa kafin ku roƙi kowa, ba sai kun sanar da adadin ba. Yesu sai da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa tukuna ya ce na ba ku misali, a Yohanna 13.

Akwai ƙananan abubuwa ma da suke magana. Abin da ka fara tambaya a mitin, shi mutane za su ɗauka ka damu da shi, in kullum da nawa aka samu a baiko kake buɗewa to sun gane. Ka fara da wa muka ziyarta, wa ya ɓace mana. Wanda kake yabawa a gaban jama'a ma haka, in kullum masu ba da babbar gudummawa ake kira su tashi tsaye, malamar da ta shekara tana koyar da yara ba a taɓa ambatonta ba, to an riga an faɗa wa kowa abin da ke da daraja a cocin.

Sai gidanka. 1 Timoti 3:4-5 ta sa riƙon gida cikin sharuɗɗan shugabanci, ta ma tambaya wanda ya kasa riƙe gidansa ta yaya zai kula da ikilisiyar Allah. Ba zai yiwu ka koyar da zaman iyali ranar Lahadi alhali 'ya'yanka sun yi sati ba su zauna da kai ba. Ka ware yamma ɗaya ko biyu na iyali da rana ɗaya ta hutu, ka faɗa wa ikilisiya, dattawa kuma su tsaya maka, su karɓi kiran gaggawa a ranar. Yesu ma a Markus 6:31 ya ce wa almajirai su zo waje ɗaya su ɗan huta, lokacin ko sukunin cin abinci ba su da shi. Kuma ranar da ka gaza, ka ce za ka je ba ka je ba, ka faɗa da bakinka ka nemi gafara, wannan ma koyarwa ce da mutane ba sa mantawa.

Ku yi ta maimaitawa, ku kuma zauna ku duba

Faɗa sau ɗaya a watan Janairu ba ya isa. A sa shi a wa'azi, a addu'ar jama'a, a sanarwa, shugabannin mata da matasa da mawaƙa kowa ya zauna da mutanensa su ga ta ina nasu aikin ya shiga ciki. Lokacin da ku shugabanni kuka fara gajiya da faɗa, a lokacin ne na bencin baya ya fara ji.

Duk wata uku majalisa ta yi zama na musamman da ba a kawo wata magana sai wannan. Wanda ke riƙe da kowane aiki ya zo da sunaye, kar ya tsaya a cewa ana ƙoƙari, wa aka ziyarta, wa ya gama karatu, wa ya ɓace duk da haka. A sake ɗauko littafin ma'aji da kalanda a gwada da abin da aka yi alkawari. Sannan fasto ya ba dattawa biyu izini tun farkon shekara su riƙa tambayarsa kai tsaye, "Baba, satin nan gida nawa ka shiga, yaushe rabonka da hutu?" Gwano ba ya jin warin jikinsa, dole wani ya faɗa masa, kuma shi ma fasto ya yi musu irin tambayar. In bayan zama biyu abu bai motsa ba ku binciki dalili kafin ku jefar da shi, wani lokacin mutumin da aka ba ne ba nan baiwarsa take ba, wani lokacin ranar ce ba ta dace ba, wani lokacin kuma ku ne ba ku sauke tsohon kayan ba. A rubuta abin da aka yanke da sunan wanda zai yi, a kuma sa ranar zama na gaba kafin a yi addu'ar rufewa.